Yadda Ake Biko a Falon Manyan Matafiya

Ya kai mai karatu, idan matarka ta yi yaji, kuma ƙaddara ta haɗa ka jirgi ɗaya da mahaifinta zuwa Umra, ka kwantar da hankalinka. Ga hanya na tsara maka, wadda ba ta taɓa ƙin ba da sakamako ba. Na ɗauko ta ne daga maƙwabcina Mirjalol, dillalin motoci a Tashkent, wanda matarsa Gulchehra ta koma gidan ubanta tun lokacin kankana, domin a cewarta ta gaji da auren allon talla.

1. Zaɓen wuri

Kada ka je gidan surukinka, can ko kajin gidan suna bayan 'yarsa. Jira ranar tafiya. Da an buga muku hatimi a fasfo, janye tsohon daga ayarin da ke zaune a kan jakunkuna, ka hau bene da shi zuwa falon da kamfanin jirgi ya keɓe wa manya. Masana sun tabbatar cewa mutum ba ya iya ƙin roƙo alhali yana nutse cikin kujera mai laushi.

2. Bakin ƙofa

Za ka tarar da wata budurwa tana neman katinka. Miƙa shi da yatsu biyu kana duban wani wuri, kamar wanda ya gaji da zuwa. Haka Mirjalol ya yi, ko da yake ran nan ya fara taka wurin. Surukinsa Ergash-ota, tsohon manomin inabi daga Namangan, ya tsaya yana neman inda ake tuɓe takalmi.

"Gidan wa ne nan, ɗana? Ina mai gidan, mu gaisa?"

"Baba, ai ka ɗauka gidana ne."

"Gidanka," in ji tsohon. "To, madalla."

Kai ma faɗi wannan amsa ta Mirjalol da ƙarfi. Tsoho ba ya mantuwa, kuma haka ake so.

3. Abinci

Loda masa faranti: samsa mai nama a ciki, shinkafa, da wani kifi mai sanyi wanda kai ma ba ka san sunansa ba. Idan ya tambaya, ka ce kullum shi kake ci. Kada ka ambaci matarka tukuna. Nuna masa jiragen da ke bayan gilashi kamar da hannunka a cinikinsu.

Ergash-ota ya gutsuri burodi, ya daɗe yana juya shi, sannan ya ce, "Wanda ya gasa wannan, an kama shi?"

Dariya a nan wajibi ce.

4. Shayi

Nan maganar take, domin ba a ɗaga zance mai nauyi sai kofi yana hannun babba. Kowa a ƙasarmu ya san baƙon da ake so kaɗan ake zuba masa a gindin kofi, a yi ta ƙara masa ya daɗe. Wanda aka cika wa taf kuwa, an ce masa ya sha ya kama hanya. Abin da iyayenmu ba su hango ba shi ne, a falon manya babu buta. Inji ne, marar uwa balle tarbiyya. Ka danna, ya cika.

Mirjalol ya tsaya riƙe da kofi yana zufa, wani Bature a bayansa yana duba agogo. In ya kai shi haka a cike, ya kori surukinsa daga gidan da ya ce nasa ne. Sai dabara ta zo masa, kuma ita nake ba ka: ya juya baya, ya kurɓe fiye da rabi, ya goge bakin kofin da hannun riga, ya kai wa tsohon da hannu ɗaya a ƙirji.

Kada ka ɓata lokaci wajen duba bangon falon. Madubi ne daga sama har ƙasa.

5. Roƙo

"Sauranka ka kawo mini, ɗana?"

"Baba, injin ne ya cika."

"A gidanka?"

Mirjalol ya dubi takalminsa. Tsohon ya miƙe a hankali, ya je gaban injin, ya yi bisimilla ya danna. Kofi ya cika. Ya ɗauko wani kofin wanda ba kome a ciki, ya dawo ya zauna, ya tsiyaya ɗan kaɗan a ciki, ya riƙe wannan. Cikakken kuwa ya tura shi gaban Mirjalol.

"Baba, dama maganar Gulchehra ce..."

"Ta ce in duba mata ko ka sake hali," in ji Ergash-ota, yana hura shayinsa. "Na duba. Sha naka, kada ya huce."

Sha. Shanye shi duka, ko da yana ƙona harshe.

6. Cikin jirgi

Tun da kai ka roƙi a haɗa kujerarka da tasa, yanzu sai ka zauna kafaɗa da kafaɗa da shi har Jidda. Idan ma'aikaciyar jirgi ta zo da shayi, ka ce azumi kake yi.

Na yi alkawarin sakamako, ban faɗi irinsa ba. Duk wanda ya bi waɗannan matakai ya dawo gida ya tarar an zo an kwashe har labule, kada ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ni tsoho ne, ban taɓa hawa wancan bene ba, kuma matata tana ɗaki.