Rasuwar Baƙar Wayar Teburin Tanti Fifame

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta hana ni ɗaga kai, ni Komlan Zinsu, mai ƙaramin kamfanin matse ruwan abarba da ke bakin hanyar Allada, nake sanar da abokan ciniki, da ma'aikata, da manoman da suka taɓa kawo mana kaya, rasuwar baƙar wayar ofishinmu. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara goma sha huɗu a bakin aiki, bayan jinyar wata tara wadda ni ne sanadinta.

Na sayo marigayiyar a kasuwar Dantokpa, shekarar da muka fara da injin matsa guda ɗaya. Irin mai zama a kan tebur ce, ana sa mata layi, tana da igiya a murɗe da 'yar eriya a gefe. Ba ta ɗaukar hoto, ba ta kiɗa. Kuka kaɗai ta iya, wani ƙirrin-ƙirrin mai kaifi da ke keta ƙarar inji har ya kai wurin masu wanke kwalabe. Lambarta ce a jikin kowace kwalba tamu, kuma tun ranar farko mutum ɗaya ce ke ɗaukar ta: Fifame, wadda kowa ke kira Tanti. Da aiki ya yi yawa muka ƙaro mata Sedami.

A ganina aikinsu sauraron ƙorafin masu saye ne. Mai shago a Bohicon ya kira ya ce kwalba shida sun fashe a mota, mai otal a Kwatano ta ce ruwan ya yi tsami, Tanti ta ba da haƙuri ta sa a aika da canji. Iyakar sanina ke nan. Na sha wucewa in ji tana dariya da waya a kunne, in ce a raina ana ɓata min lokaci. Muryar da ke fitowa daga marigayiyar a irin wannan lokaci yawanci ta Baba Gbetoho ce, tsohon manomin da ya fara ba mu abarba, wanda in yana waya sai ka ce da mutumin tsallaken kogi yake magana.

"Matata, kin manta da ni ko? Abarba ta fara ja, ni kuma na fara tsufa. Wanne za ki fara zuwa ɗauka?"

"Abarbar dai, Baba. Kai ko kyauta aka ba ni ba ni da wurin ajiya. Mota za ta zo Alhamis, ka ce wa Inna uwargidanka ta sa a yanka tun da sassafe."

Ban taɓa tsayawa na gane cewa aikin ke nan ba. Ita ta san gonar wa za ta nuna a wane mako, wa ke da biki a gida, hanyar gonar wa ke yankewa in an yi ruwa. Abarba kuwa in ta nuna ba ta jira. Kwana uku ko huɗu sai ta fara zubar da ruwa. Shekarar da wasu masu sayen abarba suka zo da farashin da ya fi nawa, Baba Gbetoho ya sallame su, ya kuma hana maƙwabtansa sayar musu. Na ɗauka saboda kirkina ne.

Ciwon ajali ya soma bara, da kasuwa ta faɗi. Motocin da ke kai kayanmu arewa suka tsaya, kuɗin kwalba ya tashi, ya zama dole a rage mutane. Na dubi masu fere, na dubi masu inji da masu liƙa marfi, sannan na dubi mata biyu zaune kusa da waya. Na ce ai masu saye sun ragu, ƙorafi ma zai ragu. Ranar Juma'a na kira su na sallame su. Sedami ta yi kuka. Tanti ba ta yi ba. Ta goge wayar da gefen zaninta, ta warware igiyar, ta ce in riƙa ɗauka kafin kuka na uku domin tsofaffi ba sa son jira. Na ce to. Na mayar da marigayiyar kan teburina, washegari na kulle ofis na tafi Kwatano neman masu saye.

Ma'aikata sun ce sun yi ta jin kukanta ta bayan ƙofa, safe da yamma. Da na dawo bayan kwana biyar na tarar da kira talatin da ɗaya, goma sha ɗaya daga lamba guda. Na ce gobe zan bi su, goben ta zama jibi. A cikin kwanakin nan gonar Baba Gbetoho ta nuna gaba ɗaya. Ya hana a yanka, ya ce motar Komlan na tafe. Matan kasuwa suka zo tayawa, ya kore su. Sai da ƙuda ya fara taruwa sannan ya bari aka kwashe abin da ya rage, aka zube a bakin titi ana sayarwa kamar ana roƙo. Wahalar noman wata goma sha takwas ce.

Kiran da ya yi na ƙarshe ina zaune, na ɗauka. Ranar muryarsa ba ta cika ɗakin ba.

"Ina Fifame?"

Na yi masa bayanin kasuwa, da kwalba, da motoci. Ya bar ni har na gama.

"Ɗana, mu ma kasuwar ta faɗo mana. Amma ban taɓa ganin wanda yunwa ta kama ya yanke kunnensa ba. Da ka ce min ba za ka iya saye ba, da na gode maka na nemi wani. Ka gaida gida."

Daga ranar marigayiyar ba ta ƙara lafiya ba. Manoman suka janye ɗaya bayan ɗaya, babu faɗa babu sallama. Kukanta ya koma sau biyu a rana, ya koma sau ɗaya a mako, shi ma kuskuren lamba. Watan jiya kasuwa ta dawo. Masu saye na jira, inji na tsaye, babu abarba. Na ji Tanti tana sayar da atamfa a gida, manoman kuma har yanzu ita suke kira a wayarta ta hannu. An gaya min sau biyu tana roƙonsu su dawo wurina, suka ƙi. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Mai gyara ya buɗe marigayiyar, ya ce batirin ne ya kumbura ya cinye cikin, saboda an bar ta jone da wuta wata da watanni ba mai taɓa ta. Ban yi masa gardama ba.

Ta rasu ta bar caja, da tebur, da kujeru biyu da ba mai zama a kansu, da lambarta a jikin kwalabe dubu huɗu da ba a zuba wa komai ba, da ma'aikata goma sha bakwai da ke zuwa kullum su share wurin su koma gida, ba su san ko watan gobe da sauran aiki ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a harabar kamfani, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ba a fitar da anko ba, ba a kuma karɓar gudummawa. Za a ci agidi da soyayyen kifi. Katin gayyata ni da kaina nake kaiwa gona-gona a kan babur. Jiya na fara da gidan Tanti. Ta karɓa, ta ba ni ruwa na sha, ba ta ce za ta zo ba. Gidan Baba Gbetoho sau biyu ina isa ƙofa ina juyawa, gobe in Allah ya yarda zan shiga. Bayan an rufe marigayiyar zan miƙe in faɗi abin da na aikata a gaban duk wanda ya halarta. An yi hayar kujeru sittin. Na ce wa mai su ya bar su a cikin mota tukuna, a riƙa saukewa ɗai-ɗai, gwargwadon waɗanda suka shigo.