Yadda Za Ka Burge Surukinka da Motar da Bushinta Ya Mutu

Ɗan'uwa, idan motarka tana cewa ƙwal-ƙwal a duk ramin da ta faɗa, in ka sha kwana kuma ta karkace kamar jakin da aka yi wa lodi gefe guda, ga shi ranar Asabar za ka je gaban mutumin da kake so ya ba ka 'yarsa, to kwantar da hankalinka. Ga matakai bakwai. Duk wanda ya bi su daki-daki, na yi masa alkawari ba zai dawo gida hannu rabbana ba.

Kada ka tambaye ni takardar shaida. Shekara goma sha ɗaya nake zama a benci a bakin garejin Dabo da ke Angwan Iya, ina sauraro. Ban taɓa riƙe sifana ba, amma ban taɓa lalata motar kowa ba, abin da Dabo kansa ba zai iya rantsuwa a kai ba. Kuma an gwada matakan nan a kan mutum mai rai: maƙwabcina Ticha Yosiya, malamin firamare, mai wata jar mota 'yar Baljiyam, wanda yake neman Zipora 'yar Baba Manasseh na Agwada.

Shi Baba Manasseh tsohon direban babbar mota ne, shekara talatin a kan titi. Saurayin da ya zo masa da mota, ba ya tambayarsa asali ko albashi. Sai dai ya ce, "Kai ni gona in duba doya." Samari biyu sun kai shi gonar nan, ba a sake ganin ƙeyarsu a gidan ba. Maganarsa ɗaya ce: wanda bai ji kukan motarsa ba, ba zai ji kukan matarsa ba.

To, mu fara.

Mataki na 1: Ka musa

Ƙarar mota kamar tsegumi ce, sai ka amsa take yin ƙarfi. Duk wanda ya ce ya ji wani abu, ka dube shi da mamaki.

Ticha ya yi wata huɗu a kan wannan mataki, kuma ya ƙware. Wata rana Zipora ta ce, "Yosiya, me ke bugawa a ƙasan nan?"

Ya ce, "Hanya ce."

Ta ce, "A kan kwalta fa muke."

Ya ce, "To kwaltar ce."

Ta ce, "Asabar dai Baba zai ce ka kai shi gona. Shi ma ka gaya masa kwalta ce."

Idan an kai nan, ka sani mataki na ɗaya ya gama aikinsa. Wuce gaba.

Mataki na 2: Ka je gareji, amma kada ka yi tambaya

Nan ne yawancin mutane suke zubar da mutuncinsu. Makanike ya faɗi kalma, sai ka ji babban mutum yana cewa, "Mene ne shi?" Haba! A gaban masu gasa masara?

Dabo ya girgiza motar Ticha, ya leƙa ƙasa, ya miƙe yana goge hannu. Ya ce, "Ticha, bushin sitabilaiza ne ya mutu. Ka samo, aikin minti ashirin ne. Ka dai gane ko?"

Ticha ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Haba Oga Dabo, ni da nake koyar da kimiyya? Dama abin da na yi zato ke nan."

Ka ga gwani. Haka za ka yi. Cikin kalmomi biyun da aka ba ka, ka riƙe wadda ka sani, ka yar da wadda ba ka sani ba. Bushin baƙo ne, ka sallame shi. Sitabilaiza kuwa, wane ɗan Keffi ne bai san shi ba? Akwatin nan ne mai nauyi da ake jona wa firji, don kada wuta in ta zo da haukanta ta ƙona shi.

Wasu marasa aikin yi za su ce maka sitabilaizan mota daban ne, wai wani dogon ƙarfe ne a ƙasa da ya haɗa ƙafafun gaba biyu don kada mota ta kwanta a kwana, bushin kuma 'yar roba ce da ke riƙe ƙarfen, wadda kuɗinta bai kai na zakara ba. Kada ka kula su. Ni ma na san haka a ranar, ina kan bencina. Amma ba a tambaye ni ba, kuma ban saba tsoma baki inda ba a kira ni ba.

Mataki na 3: Kada ka saya, kana da dangi

Ticha ya nufi shagon yayarsa Mabel, mai sayar da zoɓo da kunun aya masu sanyi. Ya gaishe ta gaisuwar da bai taɓa yi mata ba, har da tambayar lafiyar kajinta.

Ta ce, "Faɗi abin da ya kawo ka, ina da kwastoma."

"Yaya, sitabilaizanki za ki ara mini na yini ɗaya."

"Ka sayi firji ne ba mu ji ba?"

"Mota za a sa wa."

Ta ajiye ludayi. "Mota? Yanzu har motoci sun fara jan wutar gida?"

"Fasaha ce, Yaya, ba za ki gane ba."

"To Oga Fasaha, ɗauka. Amma in firjina ya yi tari ko sau ɗaya, kai ma sai an nemo maka naka sitabilaizan."

Ka lura da kalmar nan, fasaha. Ka riƙe ta da kyau. Tana buɗe ƙofa, tana rufe baki.

Mataki na 4: Ka saka shi

Za ka ga abin yana da waya, motar kuma ba ta da inda za a jona. Wannan ba matsalarka ba ce, matsalar waɗanda suka ƙera motar ce. Buɗe but, ka zaunar da shi kusa da safayar taya, ka ɗaure da igiyar shanya, ka cusa kan wayar ƙarƙashin kafet. Wayar da ta ɓuya, ta jonu.

Sannan ka zagaya unguwa ka gwada. Da Ticha ya faɗa ramin farko, gaba ta ce ƙwal, baya ta amsa gwaram. Ya tsaya a gabana fuskarsa duk ta yamutse.

Kada wannan ya karya maka gwiwa. Aikin sitabilaiza ai daidaitawa ne. Da can gaba kaɗai ke kuka, yanzu gaba da baya sun yi daidai. Me kuma kake nema?

Mataki na 5: Ka ɗauki dattijo mai ƙirji

Ba a zuwa gidan surukai ba tare da babba ba, wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne amfanin babban a cikin mota.

Ticha ya same ni ranar Juma'a bayan na dawo daga masallaci. Ya ce, "Kawu, gobe za ka raka ni. Ba sai ka yi magana ba. Ni zan riƙa rera waƙar coci, kai kuma duk ramin da ka hango, ka yi tari."

Na ce, "Tari kawai?"

Ya ce, "Mai ƙarfi dai."

Na amsa. Tunda nake ba a taɓa ba ni aikin da ya dace da halina kamar wannan ba.

Mataki na 6: Hanyar gona

Ka sa farar shadda. Ka durƙusa ka yi gaisuwa. Ka sha ruwan da aka kawo. Idan tsohon ya ce a kai shi gona, ka miƙe da fara'a kamar wanda aka ce ya zo ya ɗauki kyauta.

Baba Manasseh ya shiga gaba, ya dafa gaban motar da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓin jariri, ya lumshe ido. Ni ina baya. Muka bar gari muka hau hanyar gona, wadda ruwan bana ya cinye rabinta.

Rami na farko: ƙwal, gwaram, na yi tari, Ticha ya ɗaga murya da Haleluya. Rami na biyu ma haka. Zuwa na tara mun zama kamar 'yan kiɗan da suka shekara suna gwaji tare. Sai dai sau ɗaya na yi tari a wurin da babu rami, inuwar bishiya ce ta ruɗe ni.

Tsohon bai buɗe ido ba ya ce, "Malam, wannan tari naka ya san hanya. Ba ya zuwa sai a bakin rami."

Na ce, "Tsufa ne."

Ya ce, "Allah ya sawwaƙe." Can kuma ya ce, "Ɗana, bar waƙar haka nan, Allah ya ji. Bari ni ma in ji motar."

A kwanar da ke kusa da rafi motar ta kwanta gefe guda, har kafaɗar tsohon ta bugi ƙofa. Bai ce uffan ba. Da muka isa gona ko kallon doyar bai yi ba, ya ce mu juya.

Kada shirun suruki ya tsorata ka. Yana iya zama mamakin ƙwarewarka ne ya ɗaure masa baki.

Mataki na 7: Idan an ritsa ka, ka dage

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne, kuma a nan ne Ticha ya ba ni kunya.

Muna tsayawa a ƙofar gida, Zipora da mamanta suna leƙe ta bayan labule, tsohon ya ce, "An duba motar nan kuwa?"

"An duba, Baba. Sitabilaiza ne. Na ma riga na saka."

"Ka saka? A ina?"

"A but."

"Buɗe mu gani."

Ticha ya buɗe. Ga akwatin Mabel ɗaure da igiyar shanya, ya karkace, har da tabon zoɓo a kansa. Baba Manasseh ya dube shi. Ya ja wayar a hankali har kanta ya fito daga ƙarƙashin kafet. Ya riƙe yana kallo. Wata akuya ta zo ita ma ta leƙa.

To a nan, ɗan'uwa, ƙa'ida ita ce ka gyara hula ka ce sabon samfuri ne, bai iso ƙauye ba tukuna. Ka ce fasaha. Ni har na shirya tari in taya shi.

Amma Ticha sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, gaskiya ban san mene ne ba. Makanike ya faɗa, kunya ta hana ni tambaya."

Wahalar wata huɗu ta tafi a banza cikin numfashi ɗaya.

Tsohon ya kira a kawo masa buhu, ya shimfiɗa a ƙasa, ya kwanta ƙarƙashin motar. Daga can muka ji muryarsa: "Sauko."

"Baba, shaddar..."

"Shaddar kake son aura?"

Ticha ya kwanta a cikin ƙura. Tsohon ya kama hannunsa ya ɗora a kan dogon ƙarfen, ya nuna masa inda robar ta cinye har ƙarfe yana dukan ƙarfe. Ya sa aka kawo wuƙa da tsohuwar taya, ya yanko roba, ya naɗa, suka ɗaure tare. Ya ce, "Wannan zai kai ka Keffi ne kawai, a hankali. Litinin ka sayi na gaske, ka tsaya a kai a sa, ka yi tambaya har makaniken ya gaji da kai."

Da suka fito yana kakkaɓe jiki ya ce da ni, "Malam, saurayi na farko da ya zo ya ce hanya ce. Na biyu ya ce kunnena ne ya tsufa. Shekara talatin ina tuƙi, ban taɓa tsoron direban da ya ce bai sani ba. Wanda ya san komai shi ke kai mutane rami."

Na gyaɗa kai. Ba a tambaye ni ba.

Ticha ya lallaɓa zai rufe but, tsohon ya ce, "A'a, sauke wannan. Abin da ya iso ƙofar surukai ba ya komawa."

"Baba, ai ku ba ku da firji."

"Shi ya sa. Ranar da manyanka za su zo, su taho da firjin da za a jona masa."

Daga bayan labule muka ji guɗa.

Sanarwa ta musamman

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Ba ruwansa da shaddar da ba ta ƙara fita ba, ba ruwansa da abin da Mabel ta faɗa da aka gaya mata akwatinta ya riga ƙaninta tarewa a Agwada, ba ruwansa kuma da firjin da yanzu yake rataye a wuyan wani malamin firamare. Wanda ya bi matakai bakwai ɗin nan cif ya rasa mata, shi ya jiyo. Wanda ya karya na bakwai ya samu, kada ya ce ni na koya masa. In kuma motarka ta kwanta a kwana ta ƙi tashi, ka nemi Dabo, kada ka neme ni.

Ni ban ce komai ba. Tari kawai na yi.