Ranar da Na Yi Wakilcin Ango Ina Barci

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Lahadin da aka ɗaura auren Nasiru, ɗan marigayi yayana ba, ko da yake rabin abin da ya faru ba ni labarinsa aka yi.

A lokacin na yi watanni ina fama da rashin barci. Likita ta rubuta mini wata ƙwaya, ta ce guda ɗaya, lokacin kwanciya, na 'yan kwanaki kawai, kuma kada in sha in dare ya riga ya tsala. Na gyaɗa kai irin na wanda ya yi jami'a. (Na lura cewa mu masu digiri mun fi kowa iya gyaɗa kai ga abin da ba mu da niyyar bi.) Daren ɗaurin auren tunani ya hana ni runtsawa, sai na yanke wa kaina hukuncin shan biyu gab da asuba.

Dangi ni suka zaɓa wakilin ango, wai ni ne mai natsuwa. Ana kuwa bukatar natsuwar, domin uban amarya, Alhaji Bukari, dillalin shanu ne a Asokore Mampong, kuma da ƙyar ya yarda. Ya sha faɗa cewa mutanen unguwarmu Akwatialine 'yan boko ne masu raina na waje.

Aka tare titi, aka kafa rumfunan kanofi, aka zauna. Na nemi auren da bakina, lafiya lau, makirfo a hannuna. Sai liman ya shiga nasiha. Abin da na sani na ƙarshe shi ne na sunkuyar da kai don girmama maganarsa.

Alhaji ya ce ya bayar. Liman ya juyo gare ni: "Wakilin ango, kun karɓa?"

Shiru. Ya maimaita. Shiru. Ga ni zaune daram cikin babbar riga, kai a ƙasa, kamar alƙali mai nazarin hukunci. A gaban jama'a kuwa, shirun wakili ba shi da fassara sai ƙi.

An ce Alhaji ya miƙe yana kaɗe riga. "Ei! Ni za a tara wa mutane a wulaƙanta? In ba ku so, ku faɗa. 'Yata ba saniyar da ta kwana a kasuwa ba ce!"

Nasiru ya rarrafo yana raɗa: "Baba, don Allah! Baba, ka yi magana mana!"

Na kuwa yi magana, amma da hanci. Minsharin ya bi ta makirfo ya fita ta lasifika biyu, har mata da ke rabon waakye, shinkafa da wakenmu, a cikin gida suka leƙo. Wani tsoho daga baya ya ce, "Liman, a rubuta. Ya karɓa da turanci."

Dariyar ce ta tashe ni. Na buɗe ido na ga Alhaji tsaye a kaina yana share hawaye da hularsa.

"Masta," in ji shi, "ashe ba raini ba ne, barci ne? To ka karɓa ko mu kawo maka filo?"

"Na karɓa," na ce, ban ma tabbatar da abin da nake karɓa ba.

Aka shafa fatiha, aka raba goro. Ina yawan tambayar kaina: da a ce ni mai barcin shiru ne, da yanzu Nasiru yana da mata?

Da na koma wurin likita ba ta yi dariya ba, sai da na fita. Ta janye ni daga ƙwayar sannu a hankali. Ta hana ni zaman shan shayin ataya bayan la'asar, ta ce waya ta kwana a falo, in riƙa takawa da yamma, in tashi a lokaci guda kullum, in kuma barcin ya ƙi, in bar gadon har sai ya kira ni. Abubuwa ne da na ɗauka sun yi wa mai ilimi sauƙi da yawa. Su ne suka yi aiki.

Abin da na koya shi ne, barcin da mutum ya tilasta wa zuwa a ƙurarren lokaci zai zo, amma shi zai zaɓi wurin, kuma ba ya sha'awar wurin da babu shaidu.