Gudumar Baba Jethro

"Ina gajiya kuma, angona? Na ga tun safe kake fama da aikin zama."

"Gajiya ta bi lafiya, amarya. Me kika ɗauko a ka haka kamar mai gudun yaƙi?"

Saratu ce, jikar Baba Jethro, malama a makarantar mishan da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Ta sauke sabuwar tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku a gabansa, ta jawo 'yar kujera ta zauna. Tsohon yana kan tabarma a inuwar mangwaron gidansu na Makera, gudumarsa mai doguwar ƙota kwance a cinya. Shekara talatin ya yi a reluwe yana bin ƙafafun jirgi ɗaya bayan ɗaya da wannan guduma, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. Lafiyayyar ƙafa takan amsa da zaƙi, mai tsaga kuwa sai ta yi dum. Tun da ya yi ritaya bara ba shi da abin bugawa sai bokitan gida, ga shi kwanan nan sai an maimaita masa magana sau biyu. Abin yana cinsa a rai, bai kuma gaya wa kowa ba.

"Toshi na kawo maka," in ji Saratu.

"Yau mace ke kai wa miji toshi? Faɗi abin da kike so tun kafin in karɓa."

"Hedimasta ya ware ɗaki guda a makaranta, ɗakin tarihi. An samu fitilar ba jirgi hannu mai ja da kore, an samu tsohuwar ƙararrawar tasha. Saura gudumarka."

"Ɗakin tarihi. Wato inda ake ajiye abin da ya mutu."

"Inda ake ajiye abin da ya tsufa dai. Da ma har da kai na so in haɗa, sai hedimasta ya ce babu ƙusar da za ta ɗauki nauyin bakinka."

"Wannan gudumar ta ba ki shekara goma. Da ita na tsai da jirgin Inugu, Bature yana tsalle yana nuna min agogo."

"Bara ka ce na Ikko ne."

"Duka biyun na tsayar. Rana ɗaya."

"Da hannu ɗaya kuma, ɗayan yana riƙe da rogo."

"Gyaɗa ce. Ki riƙa faɗin tarihi daidai, tunda har ɗaki kika yi masa."

Saratu ta yi dariya. "Kaka, kunnen da ke aiki da ita ai ya riga ka ajiye aiki. Jiya jirgin Kafanchan ya yi kuka, ka ce wa Goggona ta kori akuya."

Wasa take yi, amma maganar ta same shi daidai inda ke ciwo. Ya kalli tukunyar. In da gaske kunnen ya tafi, to yarinyar nan ta fi shi gaskiya, gudumar bango ya kamace ta.

"Rataya min toshin naki a reshen nan," ya ce.

Ta rataya. Ya miƙe, ya gyara tsayuwa kamar yadda ya saba a gefen tarago. Ya buga nan, ta amsa can nesa-nesa. Ya juya ta, ya sake bugawa. Dum. Ƙarar ba ta da ƙarfi, amma ya ji ta, ƙotar ma ta gaya masa a tafin hannu.

"A ina kika sayo wannan gawar?"

"Sabuwa ce fil, yanzu daga kanti."

"Tsagagga ce. Ga wurin nan, gindin wannan ƙafar."

"Raini ne kawai, don ka ga kyauta ce."

"Ɗebo ruwa, malama."

Ta ɗebo a randa ta cika tukunyar. Suka zuba ido. Can sai ɗigo ya taru a gindin ƙafar, ya faɗo ƙasa. Wani ya biyo shi.

Saratu ta riƙe baki, sannan ta tuntsire da dariya. "Na sallama, maigida. Ashe kunnen zaɓe yake yi. Yana jin ƙarfe, ba ya jin Goggo in ta ce a tashi a gyara danga."

Daɗi ya cika Baba Jethro har sai da ya kau da kai don kada ta gani. Ya goge gudumar da gefen rigarsa, ya miƙa mata.

"Ungo. Amma kada a kafa min ita can kusa da rufi. Ƙasa-ƙasa, inda hannuna zai kai. Ran Juma'a zan zo in nuna wa ɗalibanki yadda ake sauraron ƙarfe."

"Da me za ka nuna musu? Ba mu da jirgi a aji."

"Ki haɗa da tukunyarki," in ji shi, yana komawa kan tabarma. "Ai ita ce ta mutu, ba ni ba."