Firigon da ba ya cin kuran

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na sayi firigo, wato firiji, ba, ko da yake na sha roƙon Allah Ya mantar da mutanen unguwarmu.

Lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Birnin Ƙonni, ban daɗe da aure ba. Muna haya a wani tsohon gida da aka raba biyu da katanga: ɓangare ɗaya ni da matata Zainabu, ɗayan kuma wata dattijuwa ce mutuniyar Tajaye, kowa na ce mata Gwaggo Barira. Ƙosai take soyawa a bakin tasha. Zaurenmu ɗaya, kuma a nan aka kafa kwantar biyu ta kuran, wato mitar wutar lantarki, tata da tamu, kowace da faifanta mai juyawa.

Abokan aikina duk tsofaffin firigo gare su, irin waɗanda ake tsallakowa da su daga iyaka, masu gurnani kamar injin niƙa. Kowane ƙarshen wata sai kuka da faktir, takardar kuɗin wuta. Ni kuwa na daure na haɗa kuɗi na sayi sabo fil, wanda mai shagon ya rantse mini cewa ɗan kaɗan yake shan wuta. Muka kawo shi a amalanke, muka jona shi a wata majona da ke bangon da ya raba mu da Gwaggo.

Da faktir ta zo, sai na ga ko motsi ba ta yi ba. Wata na gaba ma haka. To daga nan fa na zama malamin firigo. A ɗakin malamai, a majalisar shayi, har a wurin zaman makoki (Allah Ya yafe mini), ba ni da zance sai na ci gaban zamani da yadda mai arha kan zama mai tsada. Zainabu ta ce mini ita dai abin yana ba ta mamaki, a ce abu yana sanyaya ruwa bai ci komai ba. Na ce mata kimiyya ce, ba lallai ta gane ba.

Wata Asabar na gayyato direktanmu da wasu malamai su zo su gani da idonsu, don direkta na shirin saye. Muna zaune a zaure bayan azahar, Zainabu na ta aiko da zoɓo mai sanyi, sai ga Gwaggo Barira ta shigo riƙe da takarda, ranta a ɓace. Ta ce tun da damina faktir ɗinta ke hawa, alhali ƙwan wuta guda gare ta da fanka da ɗan rediyo. Ta ce ribar ƙosan duk can take tafiya, har ta fara tunanin ta sa a yanke mata wutar ta koma fitilar aci-bal-bal.

Da na yi shiru na taya ta jaje, da ba ku ji wannan labari ba. Amma ga direkta, ga malamai, ga dama ta samu. Na miƙe na gyara riga, na ce mata tsohuwar fankarta ce, irin kayan da ke cinye talaka. Na sa ta kashe komai na ɗakinta. Muka taru gaban kwantarta muna kallo. Faifan nan bai fasa juyawa ba.

Na juyo na dubi jama'a kamar jandarma ya kama mai laifi. Na ce, “Gwaggo, satar kuran ake yi miki. Akwai marar tsoron Allah cikin unguwar ga da ya ja waya daga naki.”

Ban tsaya nan ba. Na yi wa ɓarawon huɗuba mai tsawo: mai cin gumin tsohuwa, marar kunya, wanda ya kamata a kai shi gaban hukuma a ɗaure. Maƙwabta suka fara leƙowa. Direkta na gyaɗa kai. Na ce yanzu zan kashe kwantar baki ɗaya, mu saurara mu ji gidan da zai yi kuka. Na kai hannu na danna makunnin.

Kowa ya kasa kunne. Can sai muryar Zainabu daga cikin gida, tar da ita, kowa ya ji:

“Malam, an ɗauke kuran ne? Firigo ya mutu, amma ga fanka na juyawa.”

Na tsaya hannuna na kan kwantar. Wani malami ya ƙware da zoɓo. Direkta ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa, kafaɗunsa na rawa. Ashe lokacin da aka raba gidan, majonar bangon nan an bar ta a kan layin ɗaya ɓangaren. Wata da watanni Gwaggo ke biya mana ruwan sanyi, ni kuma ina yawo gari ina yabon kimiyya.

Gwaggo ta dube ni. Sannan ta ce, a hankali, “To ɗana, mu tai wurin jandarman yanzu, ko sai ka ƙare da baƙinka?”

Dariyar da aka yi ran nan, na tabbata an ji ta har Malbaza.

Da baƙi suka watse na je na durƙusa mata, na ce ta faɗi abin da ta yi asara in biya. Ta ƙi. Ta ce ta san ba da gangan ba ne, kuma ai ta ji da kunnenta yadda na tsani ɓarawo. Abin da ta nema shi ne mu ba ta hawa ɗaya cikin firigon. Washegari aka mayar da wayar kan kwantarmu, ita kuma ta fara ƙulla zoɓo da kunun aya tana sanyawa, tana tafiya da su tasha tare da ƙosai. Direbobin Illela da Badaguishiri suka riƙe ta. Kafin damina biyu ta sayi nata firigon, irin nawa, kuma ni ta aika in zaɓo mata.

Faktir ɗinmu kuwa ta hau, amma ba hawan tashin hankali ba. Ba ta kai ta abokaina masu injin niƙa ba. Wato mai shagon bai yi ƙarya ba, ni ne na ƙara gishiri. Direkta ma ya sayi nasa, sai dai ya ce kada in kuskura in zo jona masa.

Tun daga nan, in abu ya zo mini da arha fiye da hankali, nakan fara tambayar wa ke biya. Kuma kafin in yi wa ɓarawo huɗuba, sai na bi wayar da hannuna na ga ɗakin da ta shiga.