Shekarau da Masakin Man Kaɗe

A wani ƙauye da ake kira Rugar Kaɗanya an yi wani bawan Allah mai suna Shekarau. Ba shi da mugunta ko ta ƙwayar zarra, sai dai duk abin da ka faɗa masa, to fa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Matarsa Lantana ce ke riƙe da gidan. Kowace damina takan tsinci ƙwarar kaɗanya a gonar yayanta Bawale, ta daka, ta niƙa, ta fitar da mai. Da man nan suke miya shekara guda, shi suke shafawa a kaushi. Sharaɗin gonar kuwa, in mai ya samu a raba biyu da Bawale.

Wata rana Lantana ta ce, "Maigida, taimaka ka ɗebo min ruwa rabin tulu." Shekarau ya ɗauki tulu ya nufi rijiya. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya ga ai cikakken tulu ne aka ba shi. Sai ya samu dutse ya yi ta ƙwanƙwasa har saman ya fita, ya ciko gindin fal ya kawo. Lantana ta riƙe haɓa. Shi kuwa ya ce, "Ɗaya rabin yana bakin rijiya, ko za ki buƙata."

Wata rana kuma kaji suka yi mata kaca-kaca da ƙore a tsakar gida. Cikin fushi ta ce, "Duk ƙwaryar da ka gani a gidan nan ka kife ta!" Da ta dawo daga niƙa ta tarar da komai a kife, har da ƙwaryar kunun da ta dama tun safe, kaji na ta biki a kai. Ta yi salati, ta zaunar da shi kamar yaro, ta ce, "Banda mai ruwa-ruwa. Ka ji ko? In abin ciki ba ya zuba, kife." Ya ce ya ji. Ni shaida ne, Shekarau bai taɓa manta magana ba, matsalarsa ke nan.

Wata rana man bana ya kammala. Lantana ta juye shi a babban masaki, ƙwaryar nan mai kama da rabin ƙwallo, ta ajiye a ɗaki har ya daskare. Bayan kwana biyu sai ga Bawale da hantsi, ya taho da Malam Isiyaku mai koyar da lissafi, wai ya zama shaida.

Bawale ya gyara zama ya ce, "Bana ba sai an wahala da awo ba. A sa tsinke a auna daga sama zuwa ƙasa, a raba tsayin biyu. Na sama nawa, na ƙasa nata."

Lantana ta dubi yayanta. Ba ta yi boko ba, amma ta san bakin masaki ya fi gindinsa faɗi, ta kuma san na ƙasan ba zai kai su ko bazara ba. Wata uku tana sunkuye a gonar nan. Amma yaya ne, gona kuma tasa, sai ta sunkuyar da kai hawaye na neman zubo mata.

Malam Isiyaku ya ce, "Bawale, ai a irin wannan siffa rabin tsayi ba ya..."

"Malam, shaida muka kira ka, ba darasi ba. Na sama nawa. Ka shaida?"

"To, na shaida."

"Shekarau, ɗauko man yadda yake."

Shekarau ya shiga ɗaki, ya fito rungume da faifai, masaki a kife a kansa. Ashe tun jiya ya leƙa, ya sa yatsa ya ji mai ba ya zuba. Ya ɗaga masakin a hankali, sai ga mai ya tsaya fari tas, faɗin a ƙasa, tsukakken gindin a sama.

Bawale ya miƙe. "Wane ne ya kife shi?"

"Ni ne, Yaya. Ba mai ruwa-ruwa ba ne."

Malam Isiyaku ya matso kusa da man. Ya tsaida tsinke, ya karya shi biyu daidai, ya sa zare ya yanke man a tsakiyar tsayinsa, ya miƙa wa Bawale ɗan ƙoƙon da ya fita daga sama. Sannan ya zana rabin da'ira a ƙasa, ya yi ɗan lissafinsa, ya ce, "In aka kasa man nan kashi goma sha shida, mai faɗin ya kwashi goma sha ɗaya, tsukakken biyar. Abin da na so faɗa maka ke nan ɗazu."

Bawale ya karɓi kashi biyar ɗinsa, ya fita ko sallama babu.

Shekarau ya ga Lantana na share ido. Ya ce, "Na sake yin ɓarna ko? Yi haƙuri, daga yau na daina kife ƙwarya."

Lantana ta fashe da dariya, hawayen na zuba. Ta ce, "A'a Maigida, kada ka daina. Kife abinka."