Mai Tsage Ta Rasu a Bokitin Rini

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da har yanzu bai sauka ba, mai ɗinkin takalma na shago na uku a layin bayan kasuwa yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar wayarsa, wadda aka fi sani da Mai Tsage saboda tsagar da ke gilashinta. Ta rasu ranar Talata da hantsi, tana da shekara huɗu a hannunsa, ban da waɗanda ta yi a hannun wani.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta sha gam, ta sha ƙurar fata, ta faɗo daga tebur ba adadi, ba ta taɓa ƙorafi ba. Ita ta ɗauki hoton takalmin farko da ya ɗinka. In mai saye ya turo saƙo, sai ta ce "ƙilin!", shi kuwa ya ajiye guduma har da murmushi.

Ga yadda jinyar ta faro. Baba ya ba shi wata uku: ko shagon ya tsaya da ƙafarsa, ko ya kulle ya koma shafa gam a wurin Kawu, inda ya baro. Sai ya sa talla a waya. Bai yi nisa a karatu ba, amma ya zauna a tsanake ya koyi lambobi uku da manhajar tallar take nuna masa kowace safiya: mutum nawa suka ga tallar, nawa suka danna, nawa suka turo saƙo. Manhajar ta ce ya bar mata zaɓen waɗanda za a nuna wa, wai ta fi shi sanin mutane. Ya yarda. Ai ya ga aikinta. Sau ɗaya ya leƙa hoton katifa, wata guda katifa tana binsa duk shafin da ya buɗe.

Ya sa hoto biyu don ya gwada, baƙin takalmi da mai ruwan ƙasa. Baƙin ya samu dannawa tara. Mai ruwan ƙasa ya samu ɗari huɗu da goma sha biyu. Lamba ta uku kuwa ko motsi, amma ya ce wa kansa ƙarshen wata mutane suke jira. Ya ɗauko fatarsa ta ƙarshe ya yanka ƙafa talatin, duka ruwan ƙasa. Sati uku Mai Tsage ba ta ce "ƙilin" ba. Har kunne yake kara mata, ya ji ko lasifikar ce ta toshe.

Ranar Talata yana tsaye a kan bokitin rini, waya a hannu, sai ga Goggo, ƙanwar Baba, ta shigo tana washe baki.

"Ɗan nan, ka ga aikinmu? Na sa a guruf ɗin dangi, na ce duk wadda tallarka ta fito mata ta danna, safe da yamma, a ɗaga yaro. Har ƙawayena na sa."

"Goggo, ku ne?"

"Da su wa? Mai ruwan ƙasan na ce a danna. Irin na marigayi mijina ne, sak."

Nan ya gane. Manhajar ta bi sawun masu dannawa, ta je tana neman masu kama da su. Sati uku tana kai takalman maza gaban iyayenmu mata, kowace dannawa kuma tana cin abin da ya zuba a tallar. Shi ba mai ɗaga murya ba ne, balle ga Goggo. Sai wayar ta suɓuce daga hannunsa, ta faɗa bokitin. Maganar marigayiyar ta ƙarshe ita ce "culum".

Mai gyaran waya ya buɗe ta, ya busa, ya girgiza kai. "Malam, wannan har cikinta ya rinu."

Mai takalma yana so a sani cewa ba ya riƙe da Goggo sosai. Da manhajar yake. Abin da ya san lokacin tashinka, ya san layin da kake bi, ya san ka taɓa sha'awar katifa, amma bai san Goggo ba ta sa lamba arba'in da uku ba! Kullum a nuna maka kibiya ta yi sama, ana taya ka murna, alhali ko ƙafa ɗaya ba ta tako ƙofar shago ba. Haba! Wane irin sani ne wannan?

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin roba, da layin waya guda da aka ciro da rai, da marayu ƙafa talatin, daga lamba arba'in da ɗaya zuwa arba'in da biyar.

Za a sa ta a makwancinta gobe da safe, a aljihun tebur, kusa da almakashi. Ana karɓar gaisuwa a shago har ranar Asabar, ranar da wa'adin Baba zai cika. Kada a turo saƙo, babu mai cewa "ƙilin". Duk wadda ta danna, ta taso mijinta ko ɗanta ko maƙwabcinta, a zo da ƙafa. A bakin ƙofa mai takalma zai tambayi kowa inda ya ji labari, ya ja layi da alli a bango.

Layi ɗaya ya riga ya hau. Goggo ce ta fara zuwa gaisuwa. Ta ɗauki lamba arba'in da uku, lambar marigayi, ta naɗe a mayafinta.

Saura ashirin da tara.